Marin Ranar Litinin

Ranar Litinin ta farko bayan hutun ƙaramar salla, shekarar da na shiga aji biyar, na fara marin ɗa namiji, a gaban malami kuma da izininsa. Lallen salla ma bai gama barin tafin hannuna ba. Malam Sa'idu, sabon malamin Turanci da ke zuwa mana daga Shagari, ya jingine babur ɗinsa a gindin tsamiya, ya shigo aji da guntun bel ɗin injin niƙa naɗe a hannu. Bai amsa gaisuwarmu ba sai da ya zana giginya a gefe ɗaya na allo ya rubuta tall a ƙarƙashinta, ya zana igiya a ɗaya gefen ya rubuta long. Sannan ya juyo ya ce a faɗa masa bambancinsu da Hausa. Daga bencin baya ya fara, inda ƙattin ajin suke zama. Duk wanda ya tashi sai ya ce ai duka biyun dogo ne, Malam kuma ya ce masa ya ci gaba da tsayuwa. Kafin tambaya ta iso layin mata aji ya zama kamar gonar dawa, kowa a tsaye. Ni kuwa tun ɗazu zanen nake kallo, da aka zo kaina na ce ɗaya tsawon tsaye ne, ɗaya tsawon kwance. Malam ya dube ni, ya ce in fito in bi waɗanda ke tsaye ɗaya bayan ɗaya in ba kowa mari.

Na farko a layi shi ne Modi, wanda ya riga ya fara shiga kokawa a dandali bayan girbi, har gashin baki ya soma tsiro masa. Sai da na yi ɗage kafin hannuna ya kai kumatunsa, na ɗan shafa masa na wuce. Malam ya ce in dawo, ba haka ake yi ba, bari ya gwada mini. Ya zabga mini marin da na ga wuta a idona, kunnena ya ɗauki ƙara, ya ce to yanzu in yi irinsa. Na yi irinsa. Na bi layin ina kuka ina mari, kafin in kai ƙarshe hannuna ya daina jin komai. Da na koma wurina Modi ya nuna ni da yatsa ya nuna ƙofa, alamar mu haɗu a hanya.

Haka dokar Litinin ta kafu. Malam Sa'idu ya ce mana ciwon Bahaushe a Turanci guda ɗaya ne: inda Bature ya ajiye kalmomi biyu, mu sai mu kawo ɗaya mu rufe duka. Aro a wurinmu aro ne, ko kai ka bayar ko kai ka karɓa, shi kuwa yana da lend yana da borrow. Ji a wurinmu ji ne, shi ya raba hear da listen. Gida gida ne, shi ya ce akwai house akwai home. Kowane mako da biyun da zai kawo, tagwaye yake kiran su, kuma kullum sai ya buga allo ya ce, "Tagwaye na, amma kowa da aiki nai." Gaskiya ya iya bayani, har yau ban ga wanda ya kai shi ba, kuma ni darasin yana yi mini daɗi har cikin raina, kamar ina tsince tsakuwa daga shinkafa. Sai dai ya yi imani cewa abin da bai shiga da zafi ba ba ya zama, ya ce shi ma da haka aka koya masa. Wanda ya ci ya mari waɗanda suka faɗi. Wanda ya sassauta hannu a gwada masa. In kuma babu wanda ya ci, shi da kansa zai bi aji duka da bel. Da ya ga yawanci ni ce nake ci, abin ya ƙara yi masa daɗi, don a ganinsa babu abin da zai zaburar da ƙattin baya kamar a ce 'yar mitsitsiyar yarinya ce ke marin su.

A ranar farkon nan Yaya Sahabi ba ya aji, ya bi Baba zuwa Danchadi sayen irin albasa. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni sosai, amma aji ɗaya muke, saboda ya daɗe yana kiwon shanun Baba kafin a bar shi ya shiga makaranta. Shi ya roƙa da bakinsa, ya yi ta naci, ya je ya ɗauko kawunmu ya sa baki, har Baba ya yarda bisa sharaɗin cewa duk ranar ban ruwa fadama ce gaba. Burinsa ɗaya a duniya, ya zama malamin gona irin wanda ke zuwa daga Bodinga da hular kwano, yana juya ganyen albasa yana bayani manoma suna bin sa a baya. A lissafi babu mai kama ƙafarsa a ajinmu, Turanci ne kawai ya ƙi shi. A gida kuwa shi ne komai nawa. In na je rijiya shi ke ja mini guga, in Inna ta aike ni niƙa shi ke ɗora mini ƙwarya a ka, da damina in rafi ya kawo shi ke goya ni mu haye, in ya kamo fara ya soya nawa kason ya fi nasa. A gidanmu ƙarami ba ya kiran babba da sunansa tsura, ba ya riga shi sa hannu a akushi, ba ya miƙa masa abu da hagu. Zancen ɗaga masa hannu kuwa ko a wasa ba a yi. Na taɓa ganin Inna ta fasa wa ƙanenmu baki da ludayi don kawai ya ture ni a wurin rabon ƙosai.

Hanyarmu ta gida ta ratsa gonakin gero da aka girbe, babu komai sai kara da kututture. A nan Modi da yaransa suka tare ni a Litinin ɗin farko, sauran 'yan mata suka watse da gudu suka bar ni ni kaɗai. Suka fizge hijabina suka jefa kan ƙaya, Modi ya karyo tsumagiyar sabara ya ce duk marin da na yi sai na biya. Ya zane mini ƙafafu da baya har na faɗi, wani ya cusa mini ƙasa a baki, wani ya take mini yatsu. Da takalmi ɗaya na isa gida. Inna ta gasa mini jiki da ruwan zafi tana faɗa, rabin faɗan na Modi ne, rabi nawa, wai wa ya aike ni in fi kowa sani. Yaya ya dawo daga Danchadi da yamma, ya duba shatar tsumagiya a ƙafafuna, ya wanke hannu ya ci tuwonsa.

Washegari ya tare Modi a daidai wurin. Ban taɓa ganin faɗa irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake gani. Modi ya sunkuce shi ya buga da ƙasa irin na 'yan kokawa, Yaya ya miƙe ya sa masa kai a baki, haƙori ya fita. Ɗaya daga cikin yaran Modi ya ɗauki dutse ya rotsa wa Yaya goshi, jini ya rufe masa ido ɗaya ya jiƙa farar rigar makaranta, amma bai saki wuyan Modi ba sai da wasu masu amalanke suka tsaya suka ɓamɓare shi da ƙyar. A ɗakin shan magani aka ɗinke goshin. Baba ya ƙara masa nasa dukan a gida, saboda rigar da kuma haƙorin ɗan mutane, sannan ya je ya ba mahaifin Modi haƙuri. Daga ranar, in an tashi makaranta ni a gaba Yaya a baya, kuma da wuya mako ya wuce ba a yi jifa ko dambe a hanyar nan ba. Duk marin da na yi da safe, shi ke biyan sa da rana.

Amma abin da na fi tsoro ba Modi ba ne. Tsorona ranar da Litinin za ta zo Yaya yana aji, domin a bencin baya yake zama, kuma na san ba zai ci ba. Tun ranar Lahadi nake fara rasa sukuni, ina surfe ina kasa kunne in ji ko Baba zai ce gobe da ban ruwa. Da farko ban ruwan ya cece mu, don sau da yawa Litinin ce injin ban ruwa na haya ke zuwa fadamarmu. Ranar da Yaya ya zo aji kuwa, na ga ya tashi ya faɗi, ya tsaya cikin masu tsayuwa da ɗinki a goshi, sai na yanke shawara nan take. Da tambaya ta iso ni na ba da amsar da na san ba ita ba ce. Malam ya bi aji duka da bel. Bel ɗin injin niƙa ba kamar tsumagiya ba ne, ba ya karyewa, kuma inda ya sauka fata tashi take yi. Na sha nawa a tafin hannu ina murna a zuci. Murnar ba ta daɗe ba, don 'yan aji sun gwada biyun sun gane cewa marina ya fi bel ɗin Malam sauƙi nesa ba kusa ba. Sai ga waɗanda suke dukana don na mare su suna zagina don na ƙi. Har ƙawayena suka daina kirana carafke in an fita tara, in sayi rogona da ƙuli in koma bayan aji in ci ni kaɗai.

Sai na ce bari in koya wa Yaya. Da la'asar in na kai musu fura fadama shi da Baba ba na komawa da wuri. Yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya daga wannan fangalin albasa zuwa wancan, ina biye da shi a kan kunya ina jefa masa tambaya. In ce masa in Baba ya ba maƙwabci aron garma wace kalma ce, in kuma shi ya karɓo fa. Ya faɗa daidai. In sauya masa da jaki, ya sake faɗa daidai. Wata rana ya dogara fartanya ya dube ni ya ce, "Luba, wai mi ad damuwar Turawan ga? Jakin dai guda na, ko ni nib ba da ko ni nik karɓo." Muka yi ta dariya har Baba ya daka mana tsawa daga can ƙarshen gona. A fadama ya san su sarai. Amma da zarar Malam Sa'idu ya tsaya a kansa yana kaɗa bel a cinya, sai komai ya tsere masa, ya ɗauki ta hagu ya sa a dama.

Malam ba wawa ba ne. Ya lura cewa kaina yana aiki ne kawai ranar da wurin zaman Yaya yake wofi. Wata Litinin, lokacin albasa ta fara yin kai, ya dawo da tagwayen da na riga na raba a aji a makon da ya wuce, ranar da Yaya ba ya nan, hear da listen. Yaya ya juya su, ya tsaya. Aka zo kaina, ni ma na juya su. Malam ya ce in fito. Bai ɗaga murya ba, ya ce in miƙa hannu, ya sauke bel, ya sake tambaya. Na sake ba shi amsar banza, ya sake saukewa. Muka yi ta yi. Hannun dama ya fashe na miƙa hagu, hagu ya kumbura ya koma bayana da ƙafafuna, har zafi ya fi ƙarfin taurin kaina na ƙwala masa amsar cikin kuka, na ce ɗaya sauti ne ya shigo kunnenka ko ba ka so, ɗaya kai ne ka kasa kunne. Ya ce madalla, ashe na sani. Ya ce to in fara daga kan yayana.

Na ce, "Malam, yayana na. Ba ni iyawa."

Ya ce a ajinsa babu wa babu ƙanwa, sai wanda ya sani da wanda bai sani ba. Ya ja ni ta hijabi har gaban Yaya, na sunkuyar da kai na maƙale hannuwana a hammata. Bel ya ci gaba da sauka a bayana. Ina jin numfashin Yaya a saman kaina, ina ganin hannunsa ya dunƙule, kuma na san in ya ɗaga shi a kan malami karatunsa ya ƙare, sunan gidanmu ma ya ɓaci a gari. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Luba, mare ni mu huta. Ni nic ce." Na girgiza kai. Bel ya sake sauka, wannan karon a wuyana, na durƙushe.

Sai Yaya ya kama wuyan hannuna na dama, wanda ya fashe, ya ɗaga ni tsaye da shi, ya buɗe tafin da yatsunsa, ya kwaɗa wa fuskarsa da dukan ƙarfinsa. Ƙarar ta cika ajin. Ya sake, ya kuma sakewa, har hancinsa ya fashe jininsa ya haɗu da nawa a tafina, ina ihu ina ja yana riƙe. Sannan ya sake ni, ya dubi Malam ya tambaye shi cikin ladabi ko ya isa ko a ƙara. Malam Sa'idu ya tsaya cik da bel a hannu. Ko Modi ƙasa yake kallo. Yaya ya share hanci da gefen riga, ya bi tsakanin layukan benci ya fita, ya bar jakarsa a inda take. Ni na ɗauko masa ita bayan an tashi.

Labari ya riga ni isa gida, kuma a karkace ya isa, wai Luba ta mari Sahabi har jini. Na tarar da Inna a tsakar gida da muciya a hannu, ko tambayata ba ta yi ba ta yo kaina. Yaya ne ya fito daga ɗaki da tsumma a hanci ya shiga tsakaninmu, ya ce hannun Luba aka gani amma shi ya yi, in duka ne a dake shi. Inna ta ɗaga rigata ta ga bayana, ta yar da muciyar ta zauna a kan turmi tana kuka. Washegari Baba ya sa babbar rigarsa ya je makaranta, ya gaida hedimasta da duk gaisuwar da ta kamata, ya dawo da amsar cewa an ba da haƙuri, yara su koma, amma ba za a koya wa malami yadda zai koyar ba. Babu wanda ya yi zaton za a wuce haka, don a lokacin iyayenmu suna ɗaukar dukan malami wani sashe ne na karatu.

Ni na koma da hannu a naɗe. Yaya bai koma ba. Baba ya yi faɗa, Kawu ya zo ya tuna masa irin nacin da ya yi kafin a sa shi, da malamin gonan da yake cewa zai zama, shi dai yana durƙushe yana saurare. Ina bayan zana ina tankaɗe na ji amsar da ya ba su a ƙarshe. Ya ce, "Baba, in ina cikin ajin ga, Luba ba ta hwaɗin abin da tas sani, kuma kashe ta za a yi da duka. Dole guda cikinmu shi bari. Ita tah hi ni kai, a bar ta." Na fito da rariya a hannu na ce ba haka ba ne, ya fi ni lissafi kowa ya sani, in ya bari ni ma na bari. Ya juyo ya ce ba da ni ake magana ba, in koma aikina. Na koma, tunda yayana ne. Baba kuwa da ma yana bukatar hannu a fadama, bai ƙara matsa masa ba.

Na gama aji biyar da aji shida ina raba tagwayen Malam Sa'idu ina marin mutane, kuma babu wanda ya sake tare ni a hanya, domin kullum in an kaɗa ƙararrawar tashi zan hango Yaya can bakin gonaki a kan jaki, ƙafafunsa duk laka, yana jirana. Ba ya matsowa kusa da makarantar. In mun kama hanya sai ya tambaye ni me aka yi yau a lissafi, in faɗa masa, ya warware shi da ka kafin mu kai ƙofar gida, yana tsokanata wai masu takarda sun sha kashi a hannun mai jaki. Da tafiya ta yi tafiya, lissafin ya wuce inda zai iya bin sa da ka, sai ya daina tambaya. Wannan dainawar ta fi ranar marin yi mini ciwo.

Yau ni ce ke koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata a ƙasar Bodinga, kuma kalmomin nan masu kama da juna suna nan suna ba yara wahala yadda suka ba mu. Bel da tsumagiya ba sa shiga ajina. Wadda ta faɗi sai in zaunar da ita kusa da wadda ta ci su yi ta gardama har su daidaita, in abin ya gagara in ciro waya mu duba tare. Malam Sa'idu ya yi ritaya yana Shagari, ya tsufa, an ce ko jikokinsa ba ya iya yi wa tsawa. Mun taɓa haɗuwa a wurin wata ta'aziyya, na durƙusa na gaishe shi, ya yi ta nuna ni ga mutane yana cewa ɗalibarsa ce, ni kuwa godiya da haushi suka cakuɗe mini na rasa wanda zan haɗiye.

Yaya Sahabi yana nan a fadama, furfura ta fara fito masa, albasarsa ta yi suna a kasuwa. 'Yarsa ta fari a ajina take. Kwanan baya na je gidansa da rana, muna zaune a inuwa ana yanke ganyen albasa, yarinyar ta tambaye shi me ya sa Gwaggo ta yi karatu shi bai yi ba. Ya yi dariya ya ce kansa ne bai ɗauka ba. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗago ya dube ni, na fasa. Yarinyar ta yarda, ta ci gaba da aikinta. A hanyar komawa na bi ta gaban tsohuwar makarantarmu, an yi mata sabon fenti, yara suna karatu da ƙarfi suna dariya, na tsaya a bakin taga ina ta tunanin da ma yanzu ne aka sa Yaya. Ajin da ya dace da shi ya zo, sai dai ya zo a makare.